Waƙar Niƙa a Tsohuwar Kwamfuta

A da, idan ka bi ta lungunan Kontagora da hantsi, ba ka rasa jin dutsen niƙa a bayan katanga, da muryar mace tana bin sa. Yanzu inji ke niƙa a bakin titi, ba kuwa mai iya waƙa a kusa da shi, ko gaisuwa ma da hannu ake yi. A da kuma, in kana son ajiye sauti, kaset kake nema, ka saka a rikoda, ka danna maɓallai biyu tare. Yanzu jikokina suna yawo da waƙoƙin da suka fi na shagon mai kaset yawa a cikin ɗan katin memori da bai kai farcen babban yatsa ba. Na ga zamanin biyu, kuma ban cika kukan abin da ya wuce ba. Aikin wayar tarho na yi har na yi ritaya, aikin ya kai ni Legas da Ingila da Indiya da Masar, duk inda na sauka sabon abu nake bi da ido. Abu ɗaya ne ya maƙale mini tsakanin da da yanzu, shi ne wani kaset da matata ta ɓoye a cikin kwalla.

Kwamfutar da ake karanta kaset ɗin da ita daga Ingila na zo da ita, lokacin da aka tura ni kwas. Ba irin ta yanzu ba ce. Allon maɓallai ne mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, duk kayan cikinta a ƙarƙashin maɓallan suke. Ba ta da fuskar kanta, talabijin ake haɗa mata. Ba ta kuma riƙe komai: da ka kashe wuta ta manta duk abin da ka koya mata. Shi ya sa take zuwa da 'yar rikodarta. Abin da ka rubuta sai ka tura shi cikin kaset irin wanda ake sa waƙa, ranar da kake buƙata ka juya mata kaset ɗin ta sake karantawa. Na saye ta ne domin na ji tana kiɗa a wani shago. Lamba kake ba ta, ta fitar da amo. Ƙaramar lamba amo mai kauri, babba kuma siriri. Na tsaya a shagon nan har mai shi ya fara duba agogo.

A shekarar da matata ta yi haihuwa ta biyu, mahaifiyarta ta zo daga wani ƙauye a bayan Rijau don ta kula da wankan jego. Badukkiya ce, Hausarta mai ɗan nauyi. Tana da wata waƙar niƙa da Dukanci wadda matata ta ce tun tana goye take jin ta. Na so in ɗauka a rikoda. Aka kai wa tsohuwar saƙo, ta ce ko kusa. Ba za ta bar muryarta a cikin akwati ba, baƙin maza su riƙa ji, bayan ta mutu kuma a ci gaba da sa ta magana. Ga kuma kunyar surukuta. Tun da ta zo ban ga fuskarta sosai ba. Da na yi sallama ta shige ɗaki, in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. Waƙa a gabana kuwa ba abin da za a ma kawo ba ne.

Matata ce ta samo hanya. Ta ce da ita, "Inna, ai wannan abin ba muryarki zai ɗauka ba. Nasa kukan zai yi."

Tsohuwa ta ce to, a gwada.

Haka muka riƙa yi bayan la'asar. Ni ina falo da kwamfuta da talabijin, ita tana ƙuryar ɗaki da jaririya. Ta rera kaɗan a hankali yadda ba zan ji ba, matata ta fito ta maimaita mini, in nemi lambobin, in ƙure sautin talabijin, kwamfuta ta kaɗa. Sai mu ji dariya daga ciki. Matata ta koma, ta dawo da hukunci. "Ta ce ya yi sama." Ko kuma, "Ta ce a nan akwai ja, wurin da ake dawo da ɗan dutse." In gyara, a sake. Da haka muka kai ƙarshen waƙar, na tura ta cikin kaset. Ban taɓa yin doguwar hira da surukata kamar wannan ba, kuma ba mu ga juna ba.

Kaset-kaset ɗin kwamfutar suna da yawa a lokacin, amma duk sun tafi ta hanya ɗaya. In ka saka irin wannan kaset a rikodar gida ba waƙa za ka ji ba, sai wani ƙara mai tsinka kunne, kamar ana jan kwano a kan siminti. 'Yan uwa da baƙi da suka riƙa sauka a gidanmu ina wurin aiki, duk wanda ya gwada ɗaya sai ya ce kaset ya lalace, bari a amfana da shi. Wani ya ɗora wa'azi a kai, wata ta ɗauki saƙon gaisuwa ta aika wa ɗanta a Makka. Da matata ta lura, ta zare na waƙar ta naɗe shi a ƙyalle, ta tura cikin kwallar da ke can ƙasan jerenta, inda ba mai taɓawa. Kwamfutar kuma ta koma cikin adaka a sito, muka yi ta ƙaura da ita daga gari zuwa gari har muka dawo gida Kontagora. Surukata ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta.

Da daminar bara jaririyar nan ta wancan lokacin ta kawo mana tata 'yar. Wata rana da hantsi ina karatu a tsakar gida, matata tana jijjiga jikar a cinya, ta ɗauko waƙar. Ta yi rabi, ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Malam," ta ce, "ta ɓace mini."

"Za ta dawo, Hajiya."

"Ba ta dawowa. Na daɗe ina nema, ban dai faɗa maka ba."

Ashe har da ta je biki a Rijau ta tambayi tsofaffin da suka rage. Kowace da irin tata, ba wadda ta san ta Inna. Rabin waƙar na baya ba ya ko'ina a duniya sai a cikin kaset ɗin nan. Da ta ciro shi na ɗaga shi a rana, na ga ɗan garin ƙasa-ƙasa ya zuba a cikin gilashinsa. Na san wannan alamar. Fatar zaren ce take barin jikinsa. Irin wannan kaset yana iya bi ta rikoda sau ɗaya lafiya, na biyu kuma ba tabbas.

Na kwana biyu ina bincike a waya, da Turanci da ɗan Faransancin da na tsinta a Yamai. Abin mamaki, ashe akwai tsofaffi irina a ƙasashe da yawa da ba su rabu da wannan kwamfuta ba, har sun ƙera mata wata 'yar adafta da ake saka wa katin memori. Ka haɗa ta, kwamfutar ta riƙa ajiya a kati maimakon kaset. Na tashi na shiga kicin da wayar a hannu ina nuna wa matata hoto, tana yankan kuɓewa.

"Kin gani? Sau ɗaya kawai za mu juya kaset ɗin. Da kwamfuta ta karanta, mu tura cikin wannan. Shi ke nan."

"To ka zauna mana, kar ka faɗa cikin miya."

Ɗanmu da ke Kaduna ya yi odar ta, ya ba direba a tasha, na je na karɓo da kaina. Ba ta fi kwalin ashana ba. Daga tasha ban zarce gida ba, na wuce shagon taubashina. Ɗan ƙanwar babana ne, tsarana, tun muna yara muke wasa da faɗa. Gyaran rediyo ya yi duk rayuwarsa, yanzu ya koma fitilun sola da fanka, amma bai taɓa zubar da mataccen rediyo ba. Bayan shagonsa cike yake da su har rufi. Yana kirana Bature saboda yawon da na yi, ni kuma in ce masa Injiniya.

"Bature, me ka ƙunso kake murmushi kamar ango?"

Na ajiye masa adaftar a tafin hannu. Ya juya ta, ya shinshina.

"Wannan ce za ta ta da gawar da ke cikin adakarka?"

"Ita ce. Amma sai da kai."

"Ai na sani. Ka je Ingila ka dawo, ƙarshe dai wurina."

Washegari da safe ya zo da jakar kayan aikinsa a kan babur. Muka shimfiɗa tabarma a falo, muka buɗe adaka. Ƙamshin kafur ya tashi. Da na ɗago kwamfutar sai na tuna ranar da na saye ta. Muka kwance sukurori, muka ɗaga murfi. Zanzaro ya riga mu shiga, ya gina ɗakinsa na laka a gefen allon da ke cikinta, ga ɓawon ƙwan tsaka a wani lungu. Taubashina ya yi dariya har da tari.

"Ka ga masu haya. Su ma sun tashi sun bar maka."

Muka kankare lakar da tsinke, muka share da tsohon buroshin haƙori. Fis ɗin ciki ya ƙone. Ya miƙa hannu zai zaro silin waya ya ɗaure wurin, yadda ake yi a ko'ina a garin nan, na riƙe masa hannu. Ya harare ni, ya ce wasa yake yi, ya zazzage wani gwangwanin madara cike da fis-fis da ya cire daga matattun rediyoyinsa. Muka samu daidai shi. A Indiya na ga masu gyara irinsa, kowa a cikin shago kamar akwati, ba abin da suke yarwa. A Ingila kuwa da na kai rediyo gyara, mutumin ya dube ni da tausayi ya nuna mini inda ake sayar da sabo. Na faɗa wa taubashina haka, ya ce ashe Indiyawa suna da hankali.

Muka haɗa da wata tsohuwar talabijin mai ƙeya da ya aro daga tarkacensa, muka jona wa inbatar sola don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Na yi bisimilla na danna. Fuskar talabijin ta yi duhu, ta yi fari, sai ga shuɗin nan ya cika ta, da rubutu a sama, da ɗan murabba'i yana ƙiftawa yana jiran umarni. Na tashi tsaye ban sani ba.

"Hajiya, zo ki gani. Tana da rai."

Ta leƙo, ta dafa ƙofa, ta daɗe tana kallo. "Launin ma bai canja ba," ta ce.

Rikodar ce ta fara ba mu aiki. Bel ɗin da ke juya ta ya narke ya zama kamar kwalta. Ba inda za a samu irinsa a Kontagora. Taubashina ya fita wurin mai faci, ya dawo da tif ɗin keke, ya zauna yana yanka zobba da reza, wani mai faɗi, wani siriri. Muka samu wani kaset na banza, na rubuta ɗan gajeren kiɗa na tura a ciki don gwaji, muka yi ta sauya zobba. Mai kauri ya sa ta ja ƙafa, siriri ya riƙa zamewa. Sai da rana ta take muka dace da wanda ya yi daidai.

Sannan na ɗauko adaftar, a nan kuma murnata ta tsaya. Wayoyi biyu ne da ita. Ɗaya ta saƙo, tana da raminta daban a bayan kwamfutar. Ɗayar ta wuta ce, kuma an yi kanta ne don ya shiga bakin da rikoda take shiga. Baki ɗaya, masu nema biyu. Waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka duk wanda ya samu kati ya gama da kaset. Ba su yi tunanin mai son ya kwashe daga wannan ya zuba a wancan ba.

"To mu karanta kaset ɗin," in ji taubashina, "mu zare rikoda, mu soka wannan."

"Da wuta a jiki? In ta yi tartsatsi ta mutu fa? In kuma muka kashe kafin mu zare, ta manta waƙar."

Ya sosa gemu. "Wato dole su ci tare."

"Dole."

Ƙarfin wutar da adaftar take so bolt biyar ne. Na san akwai shi a wurare da dama a cikin kwamfutar, sai dai a nemo inda za a ɗiba. Muka kunna ta a buɗe, ni ina riƙe da tsinken mitar auna wuta, shi yana karanta allura, don idona ya fi nasa ganin kusa, nasa ya fi nawa ganin nesa. Akwai wani baki mai faɗi a bayanta da ban taɓa amfani da shi ba. A ɗaya daga haƙoransa allura ta tsaya cak a kan biyar. Muka kashe, ya ɗora ƙarfen dalma a wuta. Na yanke kan wayar adaftar a hankali, don in na ɓata ta sai an sake jiran wata daga ƙetare. Jar waya a haƙorin nan, baƙa a wanda masu gyara suke kira ƙasa. Shi ya ɗiga dalmar, ɗigo biyu masu sheƙi. Muka kunna. 'Yar fitilar adaftar ta kawo kore.

Na tafa hannu. Ya ce in bari tukuna.

Gaskiyarsa. Da muka saka kaset ɗin gwaji muka danna rikoda, sai fuskar talabijin ta cika da tarkacen haruffa, fitilar ta ƙifta, komai ya koma farko. Muka sake, haka. Na mayar da mita, na ga allura tana faɗuwa ƙasa da biyar duk lokacin da su biyun suka ja wuta tare. Taransifomar kwamfutar, wani baƙin dunƙule mai nauyi da ke zama a ƙasa, ta tsufa. Tana iya ciyar da kwamfuta da rikoda kamar da, amma ƙarin baki ɗaya ya fi ƙarfinta. Da da kaset ɗin Inna muka fara, da mun ƙone damarmu a banza. Na zauna ina kallon kwallar da matata ta ajiye a kan tebur.

"Bature, kar ka yi mini kuka a nan. Bolt biyar ne fa. Kowace cajar waya bolt biyar ce."

Da yamma muka shiga kasuwa neman caja. Abin da aka rubuta a jikin caja da abin da take bayarwa ba lallai su zama ɗaya ba, wannan kowa ya sani. Mutanenmu a hannu suke auna ta, mai nauyi ita ce mai kyau. Taubashina ya ce ya taɓa fasa wata mai nauyi ya tarar da guntun ƙarfe an manna a ciki. Don haka muka tafi da mita da ƙwan fitilar babur. Kowace caja muka jona mata ƙwan, mu ga ko allura za ta tsaya. Mai shagon ya gaji da mu.

"Baba, waya za ku yi wa caji ko asibiti za ku buɗe?"

"Surukarsa za mu kira," in ji taubashina. Mutumin ya dube mu bai gane ba, muka bar shi a haka.

Muka samu wata ta tsohuwar babbar waya, ba ta da kyan gani, amma allura ba ta motsa ba. Kashegari muka raba aikin: tsohuwar taransifoma ta ci gaba da ba da ɗaya layin da injin rikoda yake buƙata, layin bolt biyar kuma muka yanke shi daga jikinta muka ba sabuwar caja. Muka gwada da kaset ɗin banza. Ya karantu, na tura cikin kati, fitila ta ƙifta ta tsaya. Muka kashe komai, muka kunna, na kira kiɗan daga kati, ya fito nan take. Muka maimaita har taubashina ya ce in na sake kaɗa wannan kiɗan zai tafi gida.

Bayan la'asar na ce da matata lokaci ya yi. Ta yi alwala kamar mai shirin tafiya, ta zo ta zauna a bakin kujera da jikar a hannu. Ita ta warware ƙyallen. Na soka biro a ramin kaset na juya shi a hankali don zaren ya saki jikinsa, na goge kan rikoda da auduga. Na rubuta umarnin, na dubi taubashina, ya dubi mita, ya gyaɗa kai. Na danna.

Fuskar talabijin ta yi fayau, babu rubutu. Haka take yi in tana saurare. Zaren yana tafiya, ina ganin ɗan garin nan yana taruwa a gefen kan rikodar. Jikar ta yi atishawa, dukkanmu muka zabura. Can sai sunan da na ba waƙar shekaru da yawa da suka wuce ya bayyana, harafi huɗu: INNA. Matata ta sa hannu a baki. Fuskar ta sake yin fayau, zaren ya ci gaba. A wani wuri na ji rikodar ta yi ɗan ƙugi kamar za ta tsaya, taubashina ya kai yatsa kusa da zoben tif ɗinsa bai taɓa ba, ta wuce. Sai injin ya tsaya da kansa, ɗan murabba'in ya dawo yana ƙiftawa. Babu saƙon kuskure.

"Kaɗa mana," in ji matata.

"Tukuna, Hajiya."

Ban yarda in kaɗa ba sai da na tura cikin kati. Fitilar ta ƙifta, ta tsaya a kore. Na sake turawa da wani suna. Sannan na ba da umarni.

Amon ya fito siriri, irin na kwamfutar da, kamar sarewar kara. Ya hau, ya sauka, ya yi jan nan na dawo da ɗan dutse. Matata ta bi shi a hankali da Dukanci, harshen da na yi shekaru ina zaune da shi ban iya ba, ni da nake taƙama da Larabci da Yarbanci. Da aka zo wurin da take tsayawa, ta yi shiru, kwamfuta ta wuce ita kaɗai. Ta saurara, idonta a rufe. Ta ce in sake. A karo na biyu ta shiga rabin na baya, kalma ta jawo kalma, tana jijjiga jikar da ƙafa. Taubashina da bakinsa ba ya hutawa ya cire hula ya riƙe a hannu.

Dab da ƙarshe ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Nan ba haka ba ne."

"Hajiya, haka yake a kaset."

"Na sani. Amma ba haka Inna take yi ba. Nan sauka take yi, kai ka hau." Ta rera wurin, ta sauka. Sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba. "Na tuna. Ka yi ta gyarawa kana kuskurewa, ina ta kai da kawowa. Sai ta ce mini, ki ce masa ya yi. An wahalar da bawan Allah, ga shi ko ruwa bai sha ba."

"Wato duk shekarun nan kuskurena aka ajiye a kwalla?"

"Kunyarka ta ji."

"Ka ji Bature," in ji taubashina. "Har suruka ta gaji da kai ta ba ka maki."

Na nemo layin, na rage lambar. Na kaɗa, ta ce ƙara kaɗan. Na ƙara ragewa. Wannan karon ba labule a tsakani, mai hukuncin tana zaune kusa da ni, kuma ba ta da niyyar jin kunyata. Sai da ta ce ya yi, ya yi na gaskiya, na ajiye shi da suna na uku. Na farkon ban taɓa shi ba. Ta ce a bar shi yadda Inna ta yafe mini.

Da muka gama na danna maɓallin mayar da kaset baya, don a naɗe shi a koma da shi kwalla. Bai yi nisa ba muka ji ɗan ƙas, zaren ya tsinke, gefe ɗaya yana ta juyawa shi kaɗai. Muka dubi juna. Matata ta karɓe shi haka nan, ta naɗe a ƙyallensa.

Kwamfutar ba ta koma adaka ba. Tana kan tebur a falo, da jar waya da baƙa suna leƙowa ta bayanta, taubashina kuma duk zuwan da zai yi sai ya duba dalmarsa ya yaba wa kansa. Na kwafi katin a wurare da dama, ɗaya yana Kaduna. Kaset ɗin ba zai sake juyawa ba. Waƙar kuwa ta koma bakin matata, tana rera ta daga farko har ƙarshe ba tare da an kunna komai ba.